Ƙwaryar Suna a Fim ɗin Kisa

Kai mai jar hula, ajiye kankanar nan, ba ta sha ba ce. Tun safe na soke ta sau bakwai, kuma akwai sauran mutum biyu da za ta mutu a madadinsu kafin la'asar. Ku zazzauna a kan benci, ku kashe wayoyinku, don makirfon nan har kukan cikin mutum yana ji. Na ji abin da ɗayanku ya faɗa a kan matakala, wai ashe aikin Baba Ɗanjuma wasan yara ne, a tara maka tsofaffin takalma da kwanoni ka yi ta buge-buge, a ce kana sana'a. Ban ji haushi ba, rashin sani ya fi dare duhu. Amma tunda kuka baro makaranta kuka zo har unguwar Faisal don ku ga mahaukacin da ke soke kankana, sai kun ji yadda ɗakin nan ya zama nawa, ko kuna so ko ba kwa so.

Bari in fara faɗa muku mene ne aikin, don matata ma sai da ta shekara biyu tana gaya wa mutane a gidan rediyo nake. Idan ana ɗaukar fim, muryar 'yan wasa kawai ake kamawa da kyau. Takun ƙafa, kukan ƙofa, cokali a cikin kofin shayi, gwiwar tsoho idan zai durƙusa, duk babu su ake kawo mana hoton, kamar miya ba gishiri. Mu ne za mu tsaya gaban wancan allon, mu kalli mutum yana motsi, mu yi masa ƙarar motsinsa daidai wa daida. Misirawa suna ce wa aikin mu'assirat. Ni haɗa sauti nake ce masa.

Karatu ne ya kawo ni Alƙahira daga Gusau, kamar yadda ya kawo ku, kuma nahawu ya yi min kaye biyu masu kyau. A saman ɗakin nan daidai nake haya. Kullum da tsakar rana ina bita, sai in ji doki yana sukuwa a ƙarƙashin gadona. Can sai gilashi ya tarwatse, can kuma sai wani ya faɗo daga bene, tim! Na karanta ayatul kursiyyu har na gaji. Rannan na ce yau ko aljani ne sai mun ga juna, na sauko na buga ƙofa. Wani ɗan gajeren Bamisire mai sanƙo ya buɗe, ɓawon kwakwa biyu a hannunsa, mukulli rataye da igiya a wuyansa. Shi ne Usta Fikri. Usta a bakinsu shi ne gwanin sana'a mai koya wa na ƙasa. Ina ta zuba ƙorafi, shi kuwa ƙafafuna yake kallo.

“Lamba nawa kake sawa?” in ji shi.

“Arba'in da uku.”

“Yalla, shigo. Ina da sojoji uku a allo, ni kuma ƙafata biyu ce.”

Ya tambayi sunana, na ce Ɗanjuma, ya ce harshensa ba zai iya ba, Guma'a ya ishe shi. Tun daga ranar ban ƙara buɗe littafin nahawu da zuciya ɗaya ba.

Aikin farko da ya ba ni ni kaɗai, wani dattijo ne yana hawa matakala zai je ya ba 'yarsa haƙuri. Taku goma sha huɗu, shi ke nan. Na sa takalmin tsoho, na ja ƙafa, na yi nishi. Usta ya ce a sake. Na sake. Har aka kira azahar muna sakewa. Na ce, “Usta, ai ƙafata tana sauka daidai da tasa.” Ya ce, “Tamam, kana taka tsoho. Amma ba ka taka mai laifi ba. Mai laifi duga-dugansa ba sa son taɓa ƙasa.” Shekara uku na yi a cikin akwatin yashin can da na tsakuwa, ban taɓa komai ba sai takalma. Yanzu in mutum ya hawo matakalar nan, kafin ya buga ƙofa na san ko yabo ya kawo ko rigima.

Ku dubi kayan aikin da kuke yi wa dariya. Wancan raken, ƙashin mutum ne, in an murɗe shi kusa da makirfo har ni mai murɗawa sai na ji a haƙarƙarina. Kabeji kai ne. Buhun shinkafa mai rabi shi ne gawa in ta faɗi. Tsofaffin safar hannu na fata, in na kaɗa su, tattabaru ne suka tashi. Abin da ba ku sani ba, abu na gaskiya ba ya yin ƙarar gaskiya. Mun taɓa sayo cinyar rago muka soka mata wuƙa, wallahi ko sauro ya fi ta magana, sai dai muka yi farfesu da ita. Ita kuma wannan ƙofar da ba ta shiga ko'ina, kukan hinjinta ya tsorata rabin Misira. Wani sabon bawwab, mai gadin gidan nan ke nan, ya taɓa jin tausayinmu ya ɗiga mata mai. Usta sai da ya zauna a ƙasa ya riƙe kai. Wata biyu muna zuba mata ruwan gishiri kafin muryarta ta dawo.

Masu kawo aiki kuwa, Allah ya shirye su. Akwai daraktan da ya ce min yana son ƙarar ruwan sama, amma mai launin shuɗi. Na ce to, na kunna masa wadda na yi jiya ba tare da na taɓa komai ba, ya rungume ni ya ce yauwa, yanzu ta yi shuɗi. Wanda ya fi kowa fahimtar sana'ar nan shi ne mai kayan marmari na bakin layi. Da ya hango ni zai ce, “Ya Guma'a, kankanar sha ko ta kisa?” Ta kisa mai kaurin ɓawo ce, wadda ba ta gama nuna ba, kuma bai taɓa zaɓo min ta banza ba.

To, ku riƙe maganar mukullin nan na wuyan Usta, don a kansa labarin yake. Shekara goma sha ɗaya ina ɗakin nan ban taɓa buɗe ƙofarsa da hannuna ba. In na riga shi zuwa, a matakala nake zama. Sai kunnensa ya fara mutuwa, har ta kai sai ya dafa lasifika da tafin hannu kafin ya san abin da ke fita. 'Ya'yansa biyu babu mai son sana'ar. Wani mai sayar da wayoyi kuma ya maƙale masa, yana son ɗakin ya mai da shi shago. Rannan Usta ya zaunar da ni ya ce, “Akwai fim da za a kawo gobe. Kai kaɗai za ka yi shi, ba zan sa maka hannu ba. In an gama zan san wa zan ba mukullin nan, kai ko mai waya.”

Fim ɗin, ba zan faɗi sunansa ba, don kada ku je ku nemo ku ɓata wa kanku rana. Wani saurayi mai suna Hani ne daraktan. Labarin wani gola ne da aka ci shi fanareti a wasan ƙarshe, 'yan ƙungiyarsu suka yi masa ature, koci ya kore shi. Sai ya dawo, ya rufe fuska da guntun ragar gola, yana bin su ɗaya bayan ɗaya bisa lambar rigarsu. Wani da sandar tutar kwana, wani da famfon hura ƙwallo, wani da ƙusoshin takalmi. Abu ɗaya mai kyau a cikin shirmen nan shi ne, kafin golan ya bayyana sai a ji yana buga ƙwallo a ƙasa sau uku, kamar yadda gola ke yi kafin ya doka. Hani ya ce min, “Fuskar ba ta ba da tsoro, na sani. Golan ma ya yi ƙiba. Ƙwallon nan ita ce makashin, ka sa mutane su ji ta a cikinsu.”

Na kawo ƙwallo ta gaske na buga a siminti, ta ce tas, tas, kamar ana marin akuya. Na gwada taya, na gwada jarka, na gwada ganga a cikin bargo. Kwana biyu babu abin da ya yi. Usta yana zaune a kusurwa yana shan shayi, ko kallona ba ya yi. Ran na uku na hau sama cin abincin rana raina a ɓace, na tarar da matata, Maman Sadiq, tana wanke ƙwaryarta a baho. Ƙwaryar ta kife a kan ruwa, ludayi ya suɓuce mata ya faɗa a kai. Dum! Sai da cokali ya faɗi daga hannuna.

Sai kun san ƙwaryar nan tukuna. Tun daga Gusau ta zo da ita, naɗe cikin zani a tsakiyar akwati, kuma a lokacin duk Alƙahira babu irinta. Duk jaririn Bahaushe da aka raɗa wa suna, daga Faisal har Hadayik, da ita mata suke kiɗan ruwa, a kife ta a baho a yi ta bugu ana rawa. Wataƙila cikinku akwai wanda ya taɓa jin ta. Na ce ta ara min kwana biyu.

“Me za ka yi da ita, Malam?”

“Wani fim ne na ƙwallo.”

Ban yi ƙarya ba, amma ban cika mudu ba. Ta ce in na fasa mata ita, in nemi jirgin Gusau.

Na kife ta a baho, na rage ruwan har muryarta ta yi ƙasa, na naɗe kan ludayi da safa, na kawo makirfo har yana neman shan ruwa. Dum. Dum. Dum. Hani ya zabura daga kujera yana ihu, “Shi ne! Shi ne!” Sai kwaɗayi ya kama shi. Ya ce sau uku bai isa ba, idan ɗan wasa ya ruga, ƙwallon ta bi shi, tana ƙara sauri har a cim masa. Na ce an gama. Na sa ido a allo, na saki hannuna, hannun ya yi ta tafiya shi kaɗai, bugu yana hawa kan bugu. Ni a raina cewa nake yau na ƙago abin da ba a taɓa ji ba. Ashe kiɗan da innata da ƙannenta suke yi ne a tsakar gidanmu, wanda na sha a nono, hannu ya tuna kai bai tuna ba. Usta ya taso ya dafa gefen bahon da tafin hannu har na gama, ya koma kan shayinsa.

Ranar da za a fara nuna fim ɗin, da la'asar ne, a wata silima a tsakiyar gari, kuma karo na farko ke nan da sunana zai fito a allo shi kaɗai, ba a ƙarƙashin na Usta ba. Daɗi ya kwashe ni. Aka ba ni kujera goma, na gayyato mutum ya fi ashirin, na ce musu fim ɗin ƙwallo ne. Suka zo kamar za su ɗaurin aure, shadda tana ƙara, turare ya cika layi. A gabansu akwai Hajiya Ladidi, 'yar Maraɗi mai sayar da atamfa da turaren wuta a Hadayik, wadda ita ce ke buga ƙwaryar nan a kowane suna. Layin gaba kuma 'yan jarida ne, cikinsu har da wani tsoho mai sharhin finafinai, wanda masu shirya fim suke karanta shafinsa kafin su karya kumallo. Usta ma a layin nan aka zaunar da shi.

Aka kashe fitila. Aka ci gola, aka kore shi, komai lafiya. Sai ga kyaftin shi kaɗai a ɗakin canza kaya yana kwance igiyar takalmi. Dum. Dum. Dum. Silima ta yi tsit. Bamisiren da ke gefena ya daina tauna gyaɗa. Na ce a raina, Ɗanjuma, mukulli ya zo. Kyaftin ya ruga, kiɗa ya bi shi. Sai na ji muryar Hajiya Ladidi a bayana, ita a ganinta raɗa take yi.

“Ke Maman Sadiq, wannan ba ƙwaryarki ba ce?”

Na waiga. Jama'a, layi biyu cur kafaɗu suna motsi! Ɗankwalaye suna rausaya a cikin duhu. Kiɗa ya yi ta hawa, golan ya ɗaga sandar tuta, kuma daidai nan ne gaɓar da mata suke guɗa a gidan suna. Hajiya ta rantse min daga baya cewa ba ta san lokacin da bakinta ya buɗe ba. Ta rangaɗa guɗa, ayyururui, tun daga cikinta, daidai lokacin da kankanata take mutuwa a madadin kyaftin.

Misirawa sun san guɗa, su ma da ita suke biki. Silima ta fashe da dariya. Daga nan kuma shi ke nan, duk lokacin da aka ji dum, sai tafi ya tashi, samari suna kiran gola ya fito. Mutum shida ya kashe, kowanne da rakiyar tafi. Hani ya fice tun a na uku. Sunana ya fito a ƙarshe, manya-manyan baƙaƙe, mutanena suka miƙe suna murna, ni kuwa ina neman ramin da zan shiga. A bakin ƙofa Maman Sadiq ta dube ni sama da ƙasa ta ce, “Fim ɗin ƙwallo ko, Malam?”

Ran Juma'a tsohon nan ya yi mana wankin babban bargo a jarida. Abin da ya rubuta a taƙaice shi ne, ya sha ganin fim ɗin tsoro da ya sa shi barci, amma bai taɓa ganin wanda 'yan kallo suka yi wa makashi guɗa ba, kuma yana ba masu aurar da 'ya'ya shawara su yi hayar mai sautin. Sauran masu sharhi suka bi sahu, har waɗanda ba su je ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari, fim ɗin kansa ba abin kirki ba ne. Jinin kamar zoɓo, gawa ɗaya tana ƙifta ido, wani mai sharhi ma ya gano ɗan bayan da aka kashe da famfo ya sake fitowa a wasan gaba yana buga kwana. Amma duk wannan a ƙasan shafi yake, ni ne a sama. Fim bai yi sati biyu a silima ba aka sauke shi.

Wannan ita ce muguwar shekarata. A cikin sana'a aka sa min suna Guma'a mai biki. Waya in ta yi ƙara sai a ce, “Usta ne zai yi da hannunsa? In shi ne, to.” Ga Usta ba kunne. A shekarar ne kuma kwamfuta mai ɗauke da sautuka shiryayyu ta cika gari, kowane yaro ya zama gwani. Muka koma talla, buɗe kwalbar lemo, suyar albasa don tallan man girki. Na mai da ƙwarya sama na ce na tuba. Duk abin da zan yi, sai in yi shi sak yadda Usta yake yi, in a wurin yakan yi tari ma sai na yi. Na ce ko zai ga na shiryu ya yafe min. Kullum da safe zai buɗe ƙofa, ya mai da mukulli cikin riga. Mai waya ya zo sau biyu da abin awo yana auna bango a gabana. Tsoro na ji ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba, don ban iya komai ba sai wannan, ga nahawu ya riga ya sallame ni.

Wata ranar Alhamis sai ga wata budurwa mai tabarau, sunanta Salma. Ita ma sharhin finafinai take rubutawa, amma a intanet, inda a lokacin babu mai karantawa sai ƙawayenta. Ta ce ta kalli fim ɗin golan a kwanakinsa na ƙarshe, su biyar a duk silimar, babu Hajiya babu guɗa. Ta rubuta cewa fim ɗin shara ne amma sautinsa ya hana ta sakat, har yanzu in ta wuce yara suna buga ƙwallo a layi sai ta waiga. Yanzu tana shirya ɗan gajeren fim a kan wata yarinya mai tseren gudu, tana son bugun zuciyar yarinyar kafin a hura usur, kuma wancan sautin take so, ba wani ba.

Na ce, “Ma'alish, yi haƙuri 'yata, wannan abin na bar shi. Akwai bugun zuciya mai kyau da Usta yake yi da jiƙaƙƙen tawul, shi zan yi miki.”

Usta ya ce me take cewa. Na sunkuya na faɗa masa a kunne da ƙarfi, har da amsar da na ba ta, ina jiran ya ce madalla. Sai ya ɗauki ɓawon kwakwa ya maka a tebur.

“Kai jaki ne, ya Guma'a? Shekara guda ina jiran ka! Ranar nan a silima ni ban ji guɗa ba, kunnena bai kai ba. Hannaye na kalla. Kafin matar nan ta buɗe baki, duk layinmu babu wanda bai damƙe kujera ba, har shi mai alƙalamin. Sauti ɗaya, rabin ɗaki jiki na rawa, rabi kafaɗa na rawa. Ni shekara arba'in ban taɓa yin haka ba. Da washegari ka zo min da ƙwaryar nan a hannu, da a bakin ƙofa zan ba ka mukulli. Sai ka zo min da hannuna. Me zan yi da hannuna? Ina da biyu, kuma sun tsufa. In Fikri na biyu zan bar wa ɗakin nan, gara mai waya. Jibi Asabar zai zo da kafinta.”

Na hau sama da gudu, matakala bibbiyu. Maman Sadiq ta ce ƙwarya tana Hadayik wurin Hajiya Ladidi, gobe akwai suna. Washegari bayan an sauko daga masallaci na hau mikrobas, ƙaramar bas ɗin nan, na shiga jirgin metro, na canza wani, na isa gidan sunan ana tsakiyar kiɗa. Namiji ɗaya tilo a bakin ƙofar falo cike da mata. Da suka gan ni sai aka kwashe da shewa. Wata ta ce, “Ku ɓoye jariri, ga golan nan ya zo!” Na durƙusa na gai da Hajiya, na faɗi abin da ya kawo ni.

“Wa za a kashe wannan karon, Ɗanjuma?”

“Babu kisa, Hajiya. Yarinya ce za ta yi tsere.”

“Tana ci?”

“Tana ci.”

“To sai ka jira mu gama. Kuma ka ji sharaɗi, duk ranar da ake suna, ƙwarya tamu ce, ko sarkin fim ne ya zo.”

Na ce na yarda. Na zauna a matakala da kwanon tuwo har suka gama. A wannan zaman ne na saurari kiɗan da kunnen sana'a karo na farko a rayuwata, na ji inda yake numfashi, na ji inda yake hawa. Na rungumo ƙwaryar a jirgi kamar jariri, duk wanda ya matso sai na harare shi.

Asabar da safe mai waya da kafintansa suka riga ni zuwa. Usta ya buɗe ƙofa, ya ce su shigo su tsaya a bango, amma duk wanda ya yi tari zai fita. Salma ta sa hotonta a allo, yarinya ta durƙusa a kan layi, yatsunta a ƙasa. Na kife ƙwarya, na kunna jar fitilar ɗaukar sauti. Wannan karon na san abin da hannuna yake yi. Kiɗan innata na ɗauko, na ja shi a hankali har ya zama numfashi, na bar shi ya hau kaɗan-kaɗan yadda mata suke yi, na tsayar da shi cak daidai gaɓar guɗa, sai usur. Usta yana durƙushe, tafinsa a gefen baho, idonsa a rufe. Da na gama babu wanda ya motsa, kafintan ma bakinsa a buɗe. Usta ya miƙe da ƙyar, ya cire igiyar daga wuyansa, ya riƙe ta a saman bahon, ya saki. Mukulli ya faɗa ruwa.

“Ciro kayanka,” in ji shi.

Mai waya ya ce, “Khalas, an gama ke nan, ya Usta?” Usta ya ce, “Khalas.” Ni kuwa hannuna yana cikin ruwa har gwiwar hannu, ina dariya kamar wawa, hawaye yana zuba, ban damu da wanda ya gani ba.

Fim ɗin golan bai mutu ba, abin mamaki. Bayan shekaru samari suka tono shi a intanet, suka mai da shi abin nishaɗi. Yanzu akwai masu taruwa a wani ɗan zaure a unguwar Zamalik suna kallonsa, kowa da robarsa yana bugu, in an zo gaɓar sai duk ɗakin ya yi guɗa. Sun taɓa gayyatar Hajiya Ladidi, ta je ta ce musu guɗarsu ba ta da gishiri, ta koya musu. Sababbin masu sharhi suna ta rubuta cewa da gangan muka haɗa biki da kisa, wai hikima ce mai zurfi. Ni dai na san hikimar, ludayi ne ya suɓuce. Tsohon mai alƙalamin nan ma mun haɗu sau ɗaya, ya ce min har gobe fim ɗin ba shi da kyau. Na ce gaskiyarka, ranka ya daɗe, muka sha shayi. Sharaɗin Hajiya kuma yana nan, har yau in ana suna a Hadayik, babu wanda ake kashewa a ɗakin nan.

Usta ya rasu shekara huɗu bayan haka, Allah ya ji ƙansa. Abin da ban faɗa muku ba shi ne, ranar Asabar ɗin nan ban kashe jar fitila ba, makirfo a kunne yake lokacin da ya saki igiyar. Na yanke wurin na ajiye. Duk zoben da ya faɗa rijiya a fim ɗin da ya bi ta hannuna, duk tsabar kuɗin da aka jefa a kogi, wannan ne, ban taɓa yin wani ba. Kai mai jar hula, matso kusa da lasifika. Ku yi shiru.

Kun ji? Ku ƙarfe kuka ji ya faɗa ruwa. Ni duk ranar da na kunna shi, Usta nake ji yana cewa in ciro kayana.